Bayan Kaset Ɗin Hamidu

Abba, Hindatu, wannan babin ne nake ta kewayewa tun da na fara rubuta muku labarina. Ranar Sallar bana 'yar Hindatu ta kunna waƙoƙin nan nawa a waya, tana gaya wa ƙawayenta da Larabci cewa kakarta ce ke rerawa, ni kuwa na tashi na shige ɗaki. Kuka ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Kun girma kuna cewa ubanku ya watsar da ku, na kuma bar ku kuna faɗa, domin hakan ya fi mini sauƙi. Yau zan kama sunansa, abin da ba ku taɓa ji daga bakina ba. Sunansa Hamidu, kuma bai watsar da kowa ba.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maraɗi. Ya zo aikin Hajji yana saurayi ya ƙi komawa, ya zauna yana yi wa alhazai aski. Ni a Makka aka haife ni, a unguwarmu ta kan dutse, inda sai ka hau matakala har numfashinka ya ɗauke kafin ka kai ƙofarmu, amma in ka juyo sai ka ga hasumiyoyin Harami kamar ka miƙa hannu. Baba ya zo ta Sudan tun yana yaro, ya samu takardu, mu ma muka samu a ƙarƙashinsa. Hamidu ba shi da igama, takardar zama ke nan, kuma kowa ya sani tun ranar ɗaurin aure. Baba ya ce Allah zai kawo hanya. Shekara shida muna jiran hanyar, har aka haife ku. Wata safiya bayan Arfa 'yan sanda suka tare shi yana dawowa daga Muzdalifa, inda ya je taya wani ɗan garinsu sayar da shayi. Ko sallama ba mu yi ba. Bayan sati uku wani ya zo ya ce ya gan shi cikin waɗanda aka sa a jirgi. Abba kana shekara huɗu, Hindatu tana goye.

Ku da kuke latsa waya ku ga fuskar mutum a Yamai ba za ku gane yadda ake aure da kaset ba. Ƙauyensu ba waya, shi ba ya rubutu sai na allo, ni kuma Larabci na iya rubutawa. Don haka sai mutum ya sayi kaset, ya zauna gaban rikoda ya yi magana, ya ba mai zuwa Umra ko Hajji ya kawo. Kuma abin yana da ƙa'ida da kowa ya sani. Gaban kaset na gida ne: a shimfiɗa tabarma, manya su zauna, a ji gaisuwa da labarin damina da wanda ya rasu. Bayan kaset kuwa na mai ɗaki ne. In gaban ya ƙare, uwar gida za ta cire ta miƙa wa matar, ba mai ɗaga ido ya kalle ta. Sau uku Hamidu ya aiko a shekara biyu. Gabansa duk ladabi ne da jero sunaye, har kyanwar Inna yake gaisarwa. Abin da ke bayan ba naku ba ne, amma ku sani mutum ne mai ban dariya, yakan kwaikwayi Larabcina har in toshe baki kada a ji.

Shekarar da nake ba ku labari, tun a watan Sha'aban wasu ma'aikata suka hau dutsenmu da gwangwanin jan fenti, suna rubuta lamba a jikin kowane gida. Za a rushe unguwar a faɗaɗa wuri. Ba wanda ya yi gardama, wa zai ce kada a faɗaɗa wa baƙin Allah? Amma Inna ta daina cin abinci sosai, Baba kuma ya shiga neman inda za mu koma, yana dawowa da fuska a murtuke. Cikin wannan hali, ran goma ga azumi, Malam Ilu ya iso. Ɗan garin su Hamidu ne, dattijo mai fatauci, duk Ramadan sai ya zo Umra, shi ke kawo mana saƙo. Bayan La'asar aka shimfiɗa tabarma. Baba, Inna, yayana da matarsa, da maƙwabta biyu da suka shigo jin labarin gida. Ina riƙe da Hindatu, na sa turare kamar mutumin zai shigo da kansa. Aka kunna kaset ɗin da Malam Ilu ya kawo, Hamidu ya yi gaisuwarsa yadda ya saba, sai dai muryar ba ta da daɗi.

“Baba, ku yahe mani,” in ji shi. “Shekara biyu ke nan, hanyar komowa ba ta samu ba. Ba ya kyautuwa in bar ɗiyarku haka, ba aure ba zawarci. Na saki Safiya, saki guda. Allah shi ne shaida.”

Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa babu magana har ya kashe kansa. Baba ne ya fara buɗe baki.

“Kalas, shi ke nan,” ya ce. “Ya yi abin da ɗan halak zai yi.”

Inna ta cire kaset ɗin, ta miƙo mini kamar yadda aka saba.

“Karɓi, ya binti, 'yata. Bayan naki ne.”

“Me ya rage a baya, Inna? Ya riga ya faɗa a gaba.”

Na karɓa dai, na jefa shi cikin akwatin kayana. Ku da kuka san ni kun san zuciyata. Inna takan ce tun ina jaririya in na yi fushi da nono sai in kwana da yunwa. Ba sakin ne ya fi ƙona ni ba, sai inda ya zaɓa ya faɗe shi. Ga baya nan, wurin da ni da shi kaɗai muke, amma ya tsaya a gaban matar yayana da maƙwabta ya yar da ni. Kafin a sha ruwa labari ya gama dutse. Na ce a raina bayan nan ba abin da ke ciki sai ban haƙuri, ni kuma ba maroƙiya ba ce da za a mare ni a fili a lallashe ni a ɓoye.

Sau biyu Malam Ilu ya hau matakalar nan da gwiwarsa mai ciwo, yana tambayar ko akwai amsa. Na biyun ran uku ga Sallah ne, washegari zai tafi Jidda. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki.

“Ɗiyata, kin saurari bayan kuwa?”

“Na ji abin da zan ji, Malam.”

“Ni ban san abin da ke ciki ba, shi kaɗai ya shiga ɗaki ya yi. Amma da ya ba ni, sai da ya riƙe hannuna ya ce kada in komo hannu wofi.”

“To ka ce masa yara suna lafiya.”

Ya ce Allah ya kyauta, ya juya yana dafa bango. Na bi shi da ido har ya sauka, ban kira shi ba.

A watan Shawwal katafila ta fara cin unguwar daga ƙasa. Kullum sai a wayi gari wani gida ya tafi. Ina ɗaure kayan Inna na ci karo da shantunta, dogon ƙoƙon nan da ta taho da shi tun daga hanyar Cadi, wanda ban taɓa ganin ta kaɗa ba tun da Baba ya ce Makka ba wurin kiɗa ba ne. Na iya kaɗawa, domin ta koya mini a ɓoye ina yarinya. Na buga shi a cinya sau ɗaya, sai na tsinci kaina ina rera waƙa. Ban taɓa nufin yin waƙa ba. Abin da na nufa shi ne in shafe muryar nan da ta sake ni, kada ta ƙara fita a duniya. Na ɗauko kaset ɗin, sai na ga Hamidu ya ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa, waɗanda in an ɓalle su rikoda ba ta yarda ta ɗauki wani abu a kai. Wato ya yi ne don kada a goge bisa kuskure. Saboda haka kada wani ya ce muku kuskure na yi. Da hannuna na yanko salatif na liƙe ramukan biyu.

Bayan Azahar nake yi, lokacin da Baba ke masallaci, gida kuma duk an kwanta barcin rana. In rufe taga, in kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, in zauna a ƙasa zufa tana zuba har cikin idona. Waƙa ɗaya a rana, wani lokaci in kwana uku ban yi ba. Ba na maimaitawa, ba na kuma saurara, domin ba na son jin muryata. In na gama sai in danna in bar shi a nan. Wannan gurnanin da kuke ji can ƙasa-ƙasa a waƙa ta uku, wanda wani ɗan boko ya ce wa Abba dabara ce, katafila ce ke rushe gidan su Asabe ƙawata. Waƙar farko ta gidan ce:

Mun sauka daga dutse, ba mu ɗauko ƙofa ba,
Wanda zai ƙwanƙwasa, ina zai tsaya?

Akwai ta Inna da take ƙirga matakala, akwai ta wuƙar askinsa da na samu a bayan tulu. Da dukansu irin waɗannan ne da sauƙi. Amma fushi ya shiga. Ta biyar ita ce mata suka fi so, ita ce kuma na fi tsana:

Mai sakin mace ta bakin rikoda,
Allah ya ba ka wadda ba ta da kunne.

Da na gama ta biyar gaban kaset ya cika. Sauran waƙoƙi suna cina, kuma kaset ba tsada gare shi ba, a gindin dutse ma ana sayarwa. Na juya shi na sa a rikoda. Maɓallin saurare da na ɗauka suna kusa da juna, na ɗora yatsa a tsakaninsu na daɗe. Na san sarai abin da nake shirin yi. Ina kewarsa kamar in mutu, kuma wannan kewar ce ta ba ni haushi, na ce ba zai ƙara sa ni kuka da muryarsa ba. Na danna jan, maɓallin ɗauka. Waƙa huɗu na ɗora a baya, ta tara na gama ta ana gobe za mu tashi.

Muka koma unguwar Zahir, hawa na uku a wani bene, ɗakuna masu ƙamshin siminti, taga tana kallon bangon wani. Su Asabe kuma aka watsa su unguwar Shisha. Ran da ta zo ganin wuri ta tarar da kaset ɗin, na gaya mata abin da ke ciki, ta ce in ara mata kwana biyu. Ƙanin mijinta yana da shagon kaset, da rikoda mai baki biyu da ke kwafa. Ban sani ba, ashe ya ji ya kwafa, ya rubuta “Mun Sauka Daga Dutse” a jiki da biro, ba suna ba hoto. Lokacin Hajji ne, Hausawa sun cika gari. Mutanen dutse suka saya don gidajensu ne a ciki, alhazai suka saya don tsaraba. Asabe ta zo tana rantsuwa ba da saninta ba ne, tana roƙon kada in gaya wa Baba. Na ce ai ni ce zan roƙe ta. Idda ta cika mini a wannan tsakanin, ban ko lura da ranar ba.

A watan Muharram aka yi suna a Shisha, na je. Falo cike da matan tsohuwar unguwa, ana shan gahawa, sai wata ta kunna kaset ɗin. Ban da Asabe ba wadda ta san ni ce, domin muryar waƙata ba ta kama da ta maganata. Na sunkuyar da kai ina jin kaina a karon farko, mata suna share hawaye, wata tsohuwa tana cewa Allah ya isar wa yarinyar nan. Ta tara ta ƙare, shantu ya yi shiru. Na ɗauka shi ke nan. Sai na ga matan suna taɓa juna suna murmushi, wata ta ɗaga yatsa ta ce ga shi nan zuwa. Rikoda ta yi ƙaras, inda na danna tsayawa ke nan, sai muryar Hamidu ta fito daga ƙarƙashi, a tsakiyar magana, ƙasa-ƙasa yadda yake yi mini ni kaɗai.

“...ba ni maishe ki bisa tilas. Ki ba Ilu kalma guda kahin idda ta cika. Ko ‘to’ kaɗai kika ce, ta isa. Ina jira.”

Matan sun haddace. Tare da shi suka faɗi “ina jira”, suka fashe da dariya.

“Wannan bawan Allah,” in ji mai jego, “kullum aka kunna yana nan yana jira.”

Ban san yadda na sauko daga benen ba. Asabe ta biyo ni ba takalmi, tana cewa ta ɗauka na sani, ta ɗauka da gangan na bar shi. A bakin titi na tsuguna, motoci suna wucewa, na yi kukan da ban yi ba ranar sakin. Rabin sa'a mutumin nan ya zauna yana yi mini magana, na bi ta kai da shantu, abin da ya tsira bai kai numfashi uku ba.

Washegari na sayi sabon kaset. Ban yi gaba ba, ban yi baya ba, na ce “to” na ƙara da abin da ya samu, na ba wani ɗan Maraɗi da ya yi jinkirin komawa. Na ce ai saki ɗaya ne, ko idda ta cika ana sake ɗaurawa. Wata takwas ina jira, har azumi ya zagayo Malam Ilu ya nemo mu a Zahir. Bai karɓi tabarmar da Inna ta shimfiɗa ba. Ya ciro kaset ɗina daga aljihu, a naɗe yadda na ba da shi.

“Bai same shi ba, ɗiyata. Ya riga ya tahi.”

Ya ce da ya koma hannu wofi, Hamidu bai fid da rai ba, ya ce wataƙila alhazai za su zo da amsa. Kuma sun zo da ita. Ranar wata kasuwa suna tare a Maraɗi, sai suka ji shantu daga rumfar mai kaset. Hamidu ya tsaya cak, domin shi ya san muryar. Ya sa aka mayar daga farko, ya tsaya a rana ya ji duka tara, har da ta biyar, mutane suna ta dariyar mai sakin mace ta rikoda. Sannan ya ji kansa a ƙarshe.

“Mi ya ce?” Inna ce ta tambaya.

“Ya ce, ‘Ilu, na ji amsa.’ Ya ce kuma in na zo in gaya mata muryarta tana nan da daɗinta. Bayan sati guda ya bi mota zuwa arewa neman aiki, bai gaya ma kowa gari ba.”

Sannan Malam Ilu ya juya ya kalli Baba, ya ce shi kam ya gaji da ɗaukar kaya. A nan na ji cewa shekarar da ta gabaci sakin, Baba ya ba Malam Ilu saƙon baki, ya ce a gaya wa Hamidu in yana jin kunyarsa ya sawwaƙe wa 'yarsa, kuma ya faɗa a gaban kaset inda kowa zai shaida. Hamidu ya bi umarnin surukinsa a gaba, ya zo baya ya nemi matarsa. Baba bai musa ba.

“Don ke na yi,” ya ce. “Da ki bi shi ƙauye da yara biyu, ki zubar da takardunki da nasu? Wanda ya fita ba ya dawowa, ya binti.”

Na yi wata biyu ba na iya haɗa ido da shi, amma kada ku ɗora wa kakanku. Shi ya sa aka yi sakin, ni na toshe hanyar kome. Kuma gaskiya ban sani ba ko da zan iya kwasarku in bi shi, wataƙila da Baba ya rinjaye ni. Abin da na sani, da na ji da na ce to, da mutumin nan ya san ba a shafe shi ba. Shekara huɗu bayan haka labari ya zo cewa zazzaɓi ya kashe shi a wani garin haƙar ma'adinai cikin sahara. Bai sake aure ba. Tun ranar sunan nan ban ƙara taɓa shantu ba, mutane kuma har yau suna tambaya me ya sa mai kaset ɗin dutse ba ta yi na biyu ba.

Ba mu da hotonsa, domin mara takarda ba ya son kyamara. Kaset ukun nan na farko sun narke a akwati shekarar da ruwa ya shiga ɗakin ajiya. Abba, lokacin da ka karɓi kwafin kaset ɗin wurin Asabe ka mayar da shi cikin waya, ka zo kana murna ka ce ka gyara shi tsaf, ka cire ƙara, ka kuma yanke surutun wani ɗan ƙauye da ya shiga a ƙarshe. Na ce maka sannu da aiki.

Wannan ɗan ƙauyen ubanka ne, kuma abin da ya rage na muryarsa a duniya ke nan. Kaset ɗin na asali, wanda Asabe ta mayar mini, yana cikin akwatina, ƙarƙashin likkafanina. Ka ɗauka ka mayar da shi cikin waya yadda yake, ka kira ƙanwarka ku zauna ku ji. Ni na makara, amma ku ko sau ɗaya ku amsa masa.